CIWON DAMUWA DA YADDA ZA A TAIMAKI MAI SHI A GIDA

An rubuta wannan 'yar takarda ne domin magidanta da matan aure na ƙauyuka da rugage. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure ko a tsakar gida, in ya gama kuma ya miƙa wa maƙwabci.

Kowa ya san zazzaɓin cizon sauro, kowa ya san ƙyanda da gudawa. In suka kama mutum ba a gardama, sai a nufi ɗakin shan magani. To, akwai wani ciwo wanda yake cikin gidajenmu da yawa, amma ba safai ake kawo mai shi asibiti da sunansa ba. Likitoci suna kiransa ciwon damuwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane manyan mutane 100 a duniya kamar 5 suna fama da shi, kuma ya fi kama mata bisa ga maza. In aka bi wannan lissafi, ƙauyen da yake da manya 400 ana iya samun masu shi kamar 20.

Mu da muke aiki a ɗakin shan magani mun san yadda suke zuwa. Ba wanda yake zama a benci ya ce, "Malam, damuwa ce ta kawo ni." Sai dai ya ce kansa yana zafi kamar an ɗora masa garwashi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu yana yi masa yawo a jiki, ko gaɓoɓinsa duk sun mutu. A gwada jininsa a ga ba zazzaɓi. A ba shi maganin ciwon jiki, bayan mako biyu ya komo da kukan nan dai. Sai an zauna an tambaye shi barcinsa da cin abincinsa da abin da yake ransa, sa'an nan ainihin ciwon yake fitowa. Ciwon jikin nan da yake faɗi da gaske yana jinsa, ba ƙarya yake yi ba, sai dai tushensa yana wani wuri.

BAƘIN CIKI NA KOWA DA WANDA YA ZAMA CIWO

Wanda aka yi masa rasuwa, ko gonarsa ta ƙi, ko aurensa ya mutu, tilas ne ransa ya ɓaci. Ko annabawa sun yi baƙin ciki. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi ta jimamin rabuwa da ɗansa Yusufu har ganinsa ya tafi. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu kuwa, malaman tarihi suna kiranta Shekarar Baƙin Ciki, saboda yadda rasuwarsu ta taɓa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Saboda haka kada a ce da mai baƙin ciki ba shi da imani. Irin wannan yakan yi sauƙi da kaɗan-kaɗan. A yi zaman makoki, 'yan'uwa su zo su tafi, a yi kwana bakwai, a yi arba'in, mutum ya soma cin abinci ya koma gona, ko da yake in ya tuna hawaye sukan zo.

Ciwon damuwa shi ne wanda ya zauna ya ƙi tashi. Alamunsa manya guda biyu ne. Na farko, ran mutum a ɓace kusan yini duka, kusan kullum. Na biyu, abin da dā yake jin daɗinsa ya daina yi masa daɗi. Mai son hira ya daina fita dandali, mai son kiwo ya bar awakinsa da yunwa, uwa ta ji ko wasan 'ya'yanta ba ya faranta mata rai. In ɗaya daga cikin waɗannan ya kai mako 2 ko fiye, har ya hana mutum aikinsa, to a soma zato.

Akwai waɗansu alamu da suke biyo baya. Barci yakan ƙaurace, mutum ya farka tun kafin assalatu ya yi ta juyi har gari ya waye. Wani kuwa barcin ne yake yi masa yawa. Abinci ya fita ransa har ya rame. Gajiya ba tare da ya yi aikin komai ba. Mantuwa, da kasa yanke shawara ko a kan ƙaramin abu. Ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, ya ɗora wa kansa laifin duk abin da ya lalace a gida. Ya ga gaba duk duhu. Mafi haɗari, ya riƙa cewa gara ya mutu ya huta. Ku lura kuma, maza da yawa ba sa kuka. Nasu yakan fito ta faɗa da saurin fushi, ko ta shaye-shaye. Yaro kuwa sai a ga ya ƙi makaranta, ko ya riƙa kukan ciwon ciki kullum.

Wannan ba sabon ilmi ba ne da Turawa suka kawo. Wani malami, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya raba baƙin ciki kashi biyu, wanda aka san dalilinsa, da wanda yake sauko wa mutum haka kurum ba a san mafarinsa ba. Ya ce na biyun yana da tushe a jiki, kuma yana bukatar magani.

ME KE KAWO SHI?

Ba safai abu guda yake kawo shi ba, taruwa suke yi. Akwai gado, watau in wani a dangi ya taɓa yi, ya fi sauƙin kama na bayansa, ko da yake ba lalle ba ne. Akwai wahalar duniya, kamar bashi, da asarar amfanin gona, da rashin haihuwa, da mutuwar 'ya'ya, da auren da aka yi wa yarinya ba da sonta ba, da dūka ko gori a gidan miji, da kaɗaicin tsufa. Akwai kuma ciwon jiki mai daɗewa, kamar tarin fuka, da ciwon sukari, da ƙanjamau, da shanyewar ɓarin jiki.

Waɗansu cututtukan jiki ma sukan yi kama da shi ƙwarai. Ƙarancin jini yana kawo kasala da bugun zuciya. Ciwon maƙoƙo yana iya sa mutum ya yi sanyi ya yi nauyi. Don haka ne muke duba ido da tafin hannu da wuya, mu auna jini, kafin mu ce damuwa ce.

Sai ƙwayoyi. Samari da yawa, har da matan aure, suna shan tiramadol ko kodin ko baliyam wai don su manta da damuwa ko su sami ƙarfin noma. Na ɗan lokaci ne. In ƙwayar ta sake shi damuwar takan komo ta fi ta dā, ga kuma sabon ciwo na kamu da ƙwaya. Saboda ɓarnar da ake gani ne Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a shekarar 2018.

MAI JEGO

Wannan magana ta ungozoma ce da iyaye mata da surukai. Mata da yawa, kwana uku ko huɗu bayan haihuwa, sukan ji kuka yana zo musu ba dalili. Wannan ba komai, yakan wuce kafin mako 2. Amma fiye da mace 1 cikin 10 masu ciki da masu jego suna kamuwa da ciwon damuwa sosai. Za a ga mai jego ba ta barci ko da jariri ya yi barci, ba ta cin abinci, tana cewa ba ta iya riƙon ɗa ba, ko ba ta jin sonsa a ranta, tana jin kunyar faɗa. Kada a zage ta, kada a ce shagwaɓa ce. A karɓar mata jaririn ta sami barci, a rage mata aiki, a kawo ta awo ta yi magana da malamar asibiti. Al'adarmu ta zuwa wankan gida tana da amfani a nan, in dai akwai mai kula da ita da gaske.

Akwai kuma wani iri mai tsanani wanda yake kama mace 1 ko 2 cikin 1,000. Cikin makonnin farko sai ta rikice, ta riƙa sambatu, tana jin muryoyi, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. Wannan na gaggawa ne. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri, a kai ta babban asibiti a ranar. Yawancinsu suna warkewa sarai in an yi magani.

FIRGICI BAYAN BALA'I

Tun daga shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya tashi a Borno da Yobe, har zuwa hare-haren 'yan bindiga da satar mutane a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, ƙauyukanmu sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Ga ambaliyar shekarar 2022 wadda ta ci jihohi da yawa, ga ta Maiduguri a watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da ake rikici, kamar mutum 1 cikin 5 yana fama da damuwa ko firgici ko wani ciwo makamancinsu.

Wanda ya tsira daga irin wannan, jikinsa yakan zauna cikin shirin gudu ko bayan haɗarin ya wuce. Abin yakan riƙa komo masa a mafarki, ko da rana tsaka ya ga kamar yanzu ake yi. Ƙarar babur ko faɗuwar kwano sai ta sa shi zabura, gumi ya karyo masa. Yakan guje wa hanyar da abin ya faru, ba ya son a ta da maganar. Yara sukan koma fitsarin kwance, su maƙale wa uwa, ko su riƙa wasan harbi kullum. Kada a doke su a kan haka.

A kwanakin farko duk wannan ba abin mamaki ba ne, kuma yawancin mutane sukan sami sauƙi da kansu cikin 'yan makonni. Abin da suke bukata shi ne wuri mai aminci, da abinci, da 'yan'uwa kusa, da komawa ga abin da aka saba, watau salla a kan lokaci, yara su koma makaranta, manya su sami abin yi. Ina roƙon jama'a abu guda. In an sako wanda aka sace, mukan cika gidan da 'yan jaje, kowa ya zo sai ya ce a ba shi labari daga farko. Mutum ya maimaita abin sau talatin a yini, kowane maimaici kamar an sāke kai shi dajin ne. A yi masa barka, a yi addu'a, a tashi. In shi ya so magana, ya zaɓi wanda ya amince da shi, wannan kuwa ya saurara, ya riƙe sirri. Kada kuma a saya masa ƙwayar barci a kemis, ba ta warkar da firgici, sai dai ta kama shi.

Matan da aka yi musu fyaɗe a kai su asibiti kafin kwana 3 su cika, domin akwai maganin da yake kāre su daga ƙanjamau in an soma shi cikin wannan lokaci. Laifin yana kan wanda ya yi, ba a kanta ba. Gorin mutanen gari yakan fi abin da ya faru daɗewa a zuciya, saboda haka mai unguwa da limami su tsaya a kan wannan.

In firgicin ya wuce wata guda bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, to ya zama ciwo, a nemi asibiti. Akwai ma'aikatan da aka koya wa yadda za su bi da mutum sannu a hankali, zama bayan zama, har tunanin abin ya daina kayar da shi.

CIWO MAI FUSKA BIYU

Akwai wani ciwo ɗan'uwan damuwa. Mai shi yakan yi makonni a kwance cikin baƙin ciki, sa'an nan wani lokaci ya juye. Ya yi mako guda ko fiye ba ya barci kuma ba ya gajiya, magana ba tsayawa, ya ce shi ne wane, ya sayar da shanun noma ya rabar da kuɗin, ya ɗauri aniyar abin da ya fi ƙarfinsa. Bayan haka ya sāke faɗuwa. A shekarar 2019 an ƙiyasta masu shi sun kai miliyan 40 a duniya. In ɗan'uwanku ya taɓa yin irin wannan tashi ko sau ɗaya ne, lalle ku gaya wa likita, domin maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar masa da shi. Nasa maganin dabam ne, kuma akan daɗe ana sha, sau da yawa shekaru. Wani irinsa, litiyam, sai ana auna jini loto-loto. Wani kuma, balfurowet, yana yi wa ɗan tayi lahani, don haka macen da take da ciki ko take sa ran samu ta faɗa tun da wuri.

MAGANI

Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, murhu sai da duwatsu uku. Haka maganin wannan ciwo yake. Akwai na jiki, akwai na magana, akwai na zaman jama'a. Wanda ciwonsa bai yi tsanani ba sau da yawa biyun ƙarshe sun ishe shi, ba sai ya sha ƙwaya ba.

Bari mu soma da magana, domin ita ce kowane gida yake da ita. Ku sami lokacin da ba kowa, ku zauna kusa. Ƙane ya ce, "Yaya, na ga kwana biyu ba ka jin daɗi, me yake damunka?" Matar gida ta ce, "Malam, na lura ba ka barci, ko akwai abin da zan ɗauke maka?" Sa'an nan a yi shiru a saurara. Kada a yi saurin cewa, "Ai sai haƙuri," a tashi. Haƙuri gaskiya ne, amma wanda ciwo ya danne ya riga ya gaya wa kansa haka sau dubu, in kuka tsaya nan sai ya ga kun rufe masa ƙofa. Kada a ce masa raggo, kada a ce, "Dubi wane da ya fi ka wahala." In ya faɗi matsalolinsa, ku taya shi ware su ɗaya-ɗaya. A ɗauki mafi sauƙi, a yi shawarar abin da za a yi a kanta cikin makon nan, mako mai zuwa a zauna a ga inda aka kwana.

Kada ku rena wannan. A ƙasar Zimbabuwe, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata irin wannan saurare da warware matsala. Sukan zauna a benci a harabar asibiti a birnin Harare, mai damuwa ya zo su yi zama kamar 6. Da aka gwada aikin aka buga sakamakonsa a shekarar 2016, sai aka ga waɗanda suka zauna da su sun fi sauran samun sauƙi nesa ba kusa ba. A harshensu sunan ciwon ma'anarsa "yawan tunani", daidai da yadda mu ma muke cewa tunani ya yi wa wane yawa. Ba ƙauyen da ya rasa irin waɗannan tsofaffi masu riƙon amana.

Na biyu, zaman jama'a da abin yi. Ciwon yana ce wa mutum ya kwanta a ɗaki ya ja ƙofa, kwanciyar kuwa ƙara masa ƙarfi take yi. Kada a jira sai ya ji sha'awa, sha'awar takan biyo bayan motsi ne. A soma da kaɗan. Yau ya fito ya zauna a inuwa, gobe ya raka ƙanensa ba dabbobi ruwa, jibi ya taka zuwa masallaci ko coci. Tafiyar rabin sa'a kowace rana magani ce. Mace ta koma ga 'yar sana'arta, ko saƙa ko suyar ƙosai, ta shiga adashe, a bar ta ta je suna da biki da ganin gida. Mai takaba ma kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki wata huɗu da kwana goma, mata su riƙa shiga suna ɗebe mata kewa. Zumunta a ƙafa take.

In kuwa abin da yake cinsa a fili yake, to a taɓa shi. Wanda bashi ya hana shi barci, dangi su zauna da mai bin bashin a tsara yadda za a biya. Wanda gonarsa ta tsaya, a yi masa gayya. Matar da ake dūka, waliyyanta da dagaci su shiga maganar. Ba ƙwayar da za ta warkar da mace in kullum da dare ana dūkanta.

Na uku, jiki. A ci abinci sau uku ko ba a jin yunwa, a haɗa da wake da gyaɗa da zogale da nono da ƙwai gwargwadon hali. A kwanta a tashi a lokaci guda. A bar goro da shayi mai kauri da latsa waya in dare ya yi. In zuciya ta soma bugawa, a zauna a ja numfashi a hankali ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida, a yi haka kamar sau 10.

Wanda ciwonsa ya yi nauyi akan ba shi ƙwaya. Waɗanda aka fi samu a asibitocinmu su ne amitiriftilin da fulokzetin. Ga abin da ya kamata mai sha da iyalinsa su sani. Ba sa aiki nan take kamar maganin ciwon kai, sai an yi mako 2 zuwa 4, wani ma har 6, kafin a ga sauƙi. A nan ne mutane da yawa suke yar da magani su ce bai karɓe su ba. Amitiriftilin yana busar da baki, yana sa barci da taurin bayan gida, shi ya sa ake shansa da dare, kuma mai ciwon zuciya ya faɗa kafin a ba shi. In an sami sauƙi kada a daina. A ci gaba aƙalla wata 6, sau da yawa har wata 9 ko shekara, sa'an nan likita ya rage shi da kaɗan-kaɗan. Wanda ya yanke da kansa ciwon yakan komo masa. Waɗannan magunguna ba sa bugarwa kamar tiramadol. Amma in aka sha da yawa a lokaci guda, musamman amitiriftilin, suna iya kisa, saboda haka wani babba a gida ya riƙe su, ya riƙa bayarwa kullum. Kada a ba maƙwabci wai don ciwonsu iri ɗaya ne.

MALAMAI DA MASU MAGANIN GARGAJIYA

Na san yawancin gidaje wurin malam ake fara zuwa, a ce iska ce ko sammu. Ba mu hana kowa addu'a ba. Addu'a da karatu da nasihar limami ko fasto suna kwantar da zuciya, kuma muna son su. A haɗa da asibiti kurum, kada ɗaya ya hana ɗaya. Likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya, Dokta Thomas Adeoye Lambo, haka ya yi. A shekarar 1954 a Aro, kusa da Abekuta, ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da suke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jiyya. Da rana su zo a yi musu magani, da yamma su koma cikin jama'a, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Wannan tsari ya yi suna a duniya, shi kuwa daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mari da sarƙa da bulala da hana abinci da turaren da yake shaƙe mutum. Ba wanda dūka ya taɓa warkarwa. A shekarar 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina, da yawa da tabon sarƙa a ƙafa. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta ba masu irin wannan ciwo haƙƙin a yi musu magani cikin mutunci, ba azaba ba wulakanci. Duk wanda ya ce ku jefar da maganin asibiti, ko ya ce sai kun sayar da gona kafin ya yi aiki, ku yi hankali da shi.

IN MUTUM YA CE GARA YA MUTU

Fiye da mutum 700,000 suke kashe kansu kowace shekara a duniya, kuma kamar 1 cikin 5 da maganin ƙwari na gona suke yi. Wannan ya shafe mu, domin ba gidan manomin da ba shi da shi. Kada ku ɗauki maganar wasa, kada ku ce mai faɗa ba ya aikatawa. Ku tambaye shi a fili cikin taushin murya, "Kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi yake ji da aka tambaya. Ku lura da wanda ya soma rabar da kayansa, ko yana neman gafarar mutane ba dalili, ko wanda ya taɓa gwadawa a dā.

In ya amsa, kada a yi masa tsawa ko wa'azin wuta a lokacin. Kada a bar shi shi kaɗai, dare da rana. A kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da maganin feshi da igiya da bindigar farauta da tarin ƙwayoyi, a kai gidan wani a kulle. A kai shi asibiti a ranar. Irin wannan tunani yakan taso ya kwanta, in aka tsare mutum a sa'ar da ya taso, yawanci yakan wuce. In kuwa har ya sha guba, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A kwantar da shi ta gefe, a cire tufafin da gubar ta jiƙa, a garzaya da shi, a tafi da kwalbar abin da ya sha.

Wani gargaɗi kuma. Wanda ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, wannan ba damuwa ba ce. Yana iya zama zazzaɓin sauro da ya hau kai ko sanƙarau, kuma sa'o'i kaɗan suna iya raba shi da duniya.

INA ZA A JE?

A fara da ɗakin shan magani ko asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinmu za mu rubuta takarda zuwa babban asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Jos suna da sashen wannan aiki. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, yawancin masu zuwa a duba su ne su koma gida a ranar.

In za ku zo, ku taho da wanda yake kwana gida ɗaya da marar lafiya, wanda zai iya faɗin yaushe abin ya soma da yadda yake barci. Ku zo da duk maganin da yake sha, na kemis da na gargajiya, da katin asibiti in akwai. Mace in ta fi son ta yi magana da mace ta faɗa, za a nema mata. Ranar da aka rubuta muku ku komo, ku komo ko da ya ji sauƙi, domin a wannan zuwan ne ake duba ko maganin ya karɓe shi, a ƙara ko a rage.